Jan Biro a Bayan Wasiƙata

'Yan'uwa masu bibiyata, na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa in aure ne ya ɓoye ni kwana goma sha biyu, to Allah ya sanya alheri. Ba aure ba ne, 'yar'uwa. Ina ma shi ne. Ku gyara zama, don abin da zan faɗa yau ko aminiyata ban iya gaya wa baki da baki ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: ni ce Auta a gidanmu, malamar 'yan aji uku a firamare. Abba ya rasu shekara shida ke nan. Daga ni sai Umma a gidan, sai Yaya da ke zaune da iyalinsa layi biyu daga nan, wanda tun rasuwar Abba ko labule za a canza sai an ji ta bakinsa. Sannan akwai mutumin da na sa wa suna Tawada a wayata, saboda tun da na san shi ban taɓa ganin farcensa fari ba. Baƙo ne a ƙasar nan. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce ya sauka da jaka ɗaya da takardar izinin zama, ya yi aiki a shagon buga takardu na wani, har Allah ya ɗaga shi ya buɗe nasa mai inji biyu da ma'aikata huɗu. Har yau in yana magana ana jin harshensa ya ɗan karkace. Umma "baƙon nan naki" take ce masa, amma da ta ji sallamarsa ita ce ke fara ɗora ruwan shayi. Yaya kuwa shekara biyu yana jan mu a ƙasa: a bari tukuna, ba a san asalinsa ba, a ga kamun ludayinsa.

Tawada yana da wani hali: ba ya zubar da takarda. Duk wadda inji ya ɓata, ko samfurin da aka fara bugawa don nuna wa mai aiki, a kwando yake tarawa gefen teburinsa, kuma a bayansu yake rubuto mini wasiƙa. E, wasiƙa, a wannan zamanin! Wai saƙon waya ba ya ƙamshi. Ta farko a bayan jerin abincin wani gidan cin abinci ta zo, ta biyu a bayan cigiyar wata akuya. Ranar Yaya har da riƙe ciki don dariya, ya ce, "Wanda ya kasa ba ki farar takarda shi ne zai ba ki gida?" Ni ma da farko nakan juya in yi dariya. Daga baya na saba, na daina juyawa, gaban kawai nake karantawa in adana a gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona.

Sai aka yi zaɓen magajin gari.

A makarantarmu aka kafa rumfar zaɓen unguwar bakin kogi, ni ma ina cikin malaman da aka ɗauka aikin duba sunaye. Tun safe muke zaune muna hamma, mutane na zuwa jifa-jifa. Ashe ana gobe zaɓe an bi gida-gida an zura wata sanarwa ta ƙarƙashin ƙofa, mai tambarin hukumar zaɓe raɗau, cewa an mayar da rumfar wata makaranta can ƙetaren gada. Jama'a suka kwashi ƙafa suka je, suka tarar da ƙofa da kwaɗo. Ba zan manta wata tsohuwa ba, ta iso minti goma bayan mun rufe, takalminta a hannu, ƙafafunta sun kumbura, ta ce, "'Yata, tun hantsi nake yawo." Ban iya kallon idonta ba. Wanda ya ci zaɓen da ƙuri'a ɗari biyu da 'yan kai ya ci.

Sati uku bayan nan masu bincike suka gano cewa a gefen hagu na kowace sanarwa akwai wani siririn layi, kuma inji ɗaya ne a garin ke barin irin wannan layin: tsohon injin Tawada. Suka rufe shagon, suka karɓe fasfonsa, suka ce kullum ƙarfe takwas ya zo ofishinsu ya sa hannu. Rediyo ta kama: hannun baƙi a zaɓenmu. Mutumin da ko ƙuri'a ba shi da ikon jefawa! Ya amsa cewa shi ya buga, amma da aka tambaye shi wa ya kawo aikin, sai ya ce bai tuna ba. Aka ba shi zuwa ƙarshen sati. In bai faɗi suna ba, laifin ya hau kansa shi kaɗai: ɗauri, sannan a kore shi daga ƙasar ba dawowa.

To, shekaranjiya da safe ina goge mayafina ruwan toka, na ji sallamar Yaya. Ƙarfe bakwai! Yaya da tun da ubangidansa ya ci zaɓen magajin garin nan ba ma ganinsa sai a hoto, shi ne mai riƙe masa jaka da wayoyi, yanzu har ana raɗe-raɗin za a ba shi ofis. Ya shigo cikin farar riga mai sheƙi, da burodi mai zafi a leda, ya zauna a kujerar Abba, ya kira ni da wata murya mai taushi da ban ji ba tun ina 'yar aji ɗaya.

"Autar Umma, zo nan."

Ku dai kun sani, in mai faɗa ya fara lallashi, akwai magana.

"Yau ƙarfe biyu wata jami'ar bincike za ta zo gidan nan," ya ce. "An gaya musu baƙon nan yana nemanki. Kuma ke kika zauna a rumfar. Kin ga yadda za su haɗa?"

Umma ta saki cokalin shayi. "Innalillahi! Babana, 'yar tawa za su ɗauka?" Babana take ce wa Yaya.

"Ba mai ɗaukarta ina raye, Umma. Amma ta goge saƙonninsa. Sannan takardun nan da yake rubuto mata, a ƙona su tas kafin matar ta zo."

"Yaya, wasiƙun soyayya ne fa. Me ke ciki?"

"Ke yarinya ce. Mutanen nan ko gaisuwa suka gani sai su mai da ita shaida." Ya juya wajen Umma yana girgiza kai. "Tun farko me na ce? Ni jikina bai taɓa ba ni mutumin nan ba. Shi ya sa ko hanyar shagonsa ban taɓa bi ba, balle in taka ƙafata ciki."

Umma ta share hawaye da bakin zane. "Allah ya yi maka albarka, Babana. Auta, ki ji maganar yayanki."

Na ce to. Ya ce zai je ya dawo ƙarfe ɗaya ya ƙona da hannunsa, don ni zuciyata ba za ta bar ni ba.

Ina shiga ɗaki wayata ta yi ƙara. Tawada.

"Kin tashi lafiya? Ina roƙon alfarma ɗaya, kar ki tambaye ni dalili. Wasiƙun da na rubuta miki, ki ƙona su yau."

Na zauna daɓas a bakin gado. Na karanta sau uku. Mutum biyu da ko a kan zafin shayi ba su taɓa yarda da juna ba, yau rana ɗaya, safiya ɗaya, bakinsu ya zo ɗaya? Na rubuta, "Me kake ɓoyewa?" Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Daga ƙarshe abin da ya turo shi ne, "Don Allah."

Ba zan yi muku ƙarya ba, shi na fara zargi. Shaiɗan ya zauna a kafaɗata ya yi ta lissafo mini. Wa ya ce in nemi aikin rumfar nan? Tawada, wai zan ƙaru da sanin jama'a. Wa ya yi ta tambayata ƙarfe nawa ake buɗewa, ƙarfe nawa ake rufewa? Tawada. Ni a lokacin kula na ɗauka, har ina yi wa ƙawayena fankama. Me na sani game da shi kafin ya zo ƙasar nan in ban da abin da ya faɗa da bakinsa? Ko shekara biyun nan duk amfani aka yi da ni, ina nan ina shinshina takarda kamar sakarya?

Na zura doguwar rigata baƙa, na yafa mayafin da ban ƙarasa gogewa ba, na ce wa Umma zan kai takardar uzuri makaranta.

Na same shi inda na san zan same shi, a kan benci a tashar bas da ke kallon shagonsa. Daga ofishin masu bincike nan yake zuwa ya zauna yana kallon ƙofarsa da aka manna wa jar takarda. Ya rame. Rigar shuɗiya ce, wadda na saya masa, wuyanta ya yi masa yawa. Abin da ya fi taɓa ni farcensa ne: fari fat.

"Wa ya kawo maka aikin?" Ko gaisuwa ban yi ba.

"Auta, zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Kai da ke tuna launin rigar da na sa ranar da muka fara haɗuwa, kai ne za ka manta wanda ya ba ka aikin takarda dubu uku?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ɗauka gaskiya ce. An ce mini injin hukuma ya lalace, lokaci ya ƙure. Ga tambari, ga komai. Ban bincika ba. Wannan laifina ne."

"An ce maka. Wa ya ce?"

Ya kau da kai, ya kalli ƙofar shagonsa.

"Nawa aka ba ka ka rufe baki?"

Ya ɗago da sauri, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Wallahi na so in janye maganar, amma zuciya ta riga ta ɗebe ni.

"Za su kore ka fa! Shekara goma sha ɗaya, injinanka, ma'aikatanka, ni, duk za ka bari saboda wani ƙato da ke can yana barcinsa?"

"Ni baƙo ne," ya ce a hankali. "In na tafi, mutum ɗaya ne ya tafi. Wani in ya faɗi, gida guda ne zai faɗi da shi." Ya kalli bas da ke tahowa. "Kin ƙona?"

"Sai ka gaya mini abin da ke ciki."

"Babu komai a ciki sai son da nake miki."

Na ja tsaki na hau bas. Haushi kamar in fashe. Sai da muka wuce gada maganar Yaya ta dawo mini kamar an raɗa a kunnena: ko hanyar shagonsa ban taɓa bi ba. Na dafe ƙarfen kujera. Don ni na san akwai wata wasiƙa, wadda na fi so a cikin duka, wadda na karanta har na kusa haddacewa.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi na shiga gida. Umma na kicin, ƙamshin albasa ya cika tsakar gida, wai ko jami'a ce ai baƙuwa ce, ba za ta zo ta tarar da tukunya a kife ba. Na kulle ɗakina, na jawo gwangwanin, na zazzage a kan zanin gado. Wasiƙa talatin da ɗaya. Ta ƙarshen ce, mai kwanan wata kwana uku kafin zaɓe, rubutun a karkace saboda sauri:

"Auta! Yau Yayanki ya shigo shagona da ƙafarsa. Ya zauna a kujerata, ya sha shayina kofi biyu, ya kira ni ƙanina. Ya ce da an gama zaɓe in turo manyana. Don murna, takardar da ta fi kusa da ni na jawo. Ya ce kar in gaya miki tukuna, amma ina zan iya?"

Ranar da na fara karanta ta rawa na yi a tsakar ɗakin nan, na kuma riƙe sirrin, ina jiran Yaya ya faɗa da bakinsa. Shekaranjiya kuwa ba rawa na yi ba. Na juya ta.

Sanarwar ce. Tambarin, zancen ƙetaren gadar, siririn layin a gefen hagu. Ku sani, a aikin Tawada ba a sakin inji sai an buga guda ɗaya an miƙa wa mai aiki ya duba ya sa hannu, don kar gobe ya ce ba haka ya ce ba. A ƙasan takardar, da jan biro, an rubuta: "Ya yi. A buga dubu uku." Sai sa hannu mai doguwar jela da ke naɗowa ta ƙasa. Sa hannun da ke kan katin sakamakona tun daga rasuwar Abba, da takardar asibitin Umma, da takardar ɗaukata aiki.

Ban yi kuka ba. Na tuna yadda Yaya ya sayar da babur ɗinsa ya biya mini kuɗin kwaleji, ya yi shekara yana tafiya aiki a ƙasa. Na tuna tsohuwar nan da takalminta a hannu. Na tuna abin da na ce wa Tawada a tasha, na ji kamar in tsine wa bakina.

"Auta!" Muryar Yaya a tsakar gida. "Fito da su."

Na ninke ta huɗu, na tura cikin hannun rigata, na mayar da sauran gwangwani.

Ya ajiye tsohon bokitin ƙarfe kusa da famfo, ya naɗe hannun farar rigarsa, ashana a baki. Umma na tsaye a ƙofar kicin da ludayi. Na miƙa masa ina kallon hannunsa, don ina so in ba shi dama ta ƙarshe a zuciyata. Na ce in ya juye su gaba ɗaya ya kyasta ashana, to wataƙila tsoro ne kawai irin na ɗan'uwa.

Bai juye ba. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa ɗauka. Ko kallon rubutun Tawada bai yi ba, bayan yake juyawa, ya duba, ya jefa a wuta. Jerin abinci. Cigiyar akuya. Katin wani shagon ɗinki. Wasiƙar da aka fara ce mini ana sona ta murɗe ta yi baƙi ina kallo. Da ya kai ƙasan gwangwanin ya ƙwanƙwasa shi, ya leƙa, ya ɗago ya zuba mini ido. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Su ke nan?"

"Me kake nema, Yaya?"

Ya matso, ya rage murya yadda Umma ba za ta ji ba. "Masu bincike sun kwashe kwandonsa kaf, ba su same ta ba. Na san halinsa da takarda. Auta, ni ne fa. Ki dubi Umma. Ki dubi 'ya'yana. Shi yana da ƙasar da zai koma, ni ina zan je?"

"Ka kira shi ƙaninka," na ce. "Ka sha shayinsa."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Jami'ar ba ta yi kama da abin da na zata ba. Gajeriya ce, mai tabarau da igiya, da jaka irin ta malaman makaranta. Ta gaida Umma har da rusunawa, ta kalli bokitin da ke hayaƙi, ta kalli Yaya. Muka zauna a falo, ni da ita a doguwar kujera, Yaya a kujerar Abba yana kaɗa ƙafa. Ta tambayi sunana, aikina, tun yaushe na san Tawada. Ina amsawa, takardar na sukar fatar hannuna.

"Ya taɓa ba ki wata takarda daga shagonsa? Ko ajiya, ko wani abu?"

"Babu," Yaya ya yi caraf. "Tarkacen yara ne, mun share."

"Ita na tambaya, malam."

Wayata ta yi haske a cinyata. Tawada: "Ki yafe mini. Ki kula da Umma." Ko a nan bai ce in cece shi ba.

'Yan'uwa, na san wasunku za su zage ni a ƙasan rubutun nan, su ce jini ya fi ƙarfin soyayya. Ku zaga. Ni dai na san ba soyayya kaɗai ce ta motsa hannuna ba. Na zaro takardar, na warware ta a kan tebur, rubutun Tawada a sama.

"Ranki ya daɗe, gaban nawa ne, ina so a dawo mini da shi in an gama. Bayan ne naku."

Yaya ya miƙe tsaye. Jami'ar ta gyara tabarau, ta karanta gaban a nitse har ƙarshe, sannan ta juya.

Daidai nan Umma ta shigo da tiren shayi, da fara'arta ta karɓar baƙi. Ta sunkuya za ta ajiye, idonta ya sauka a kan jan biron. Umma ba ta iya karatu sosai ba, amma shekara shida tana ganin wannan jelar a kan duk takardar da ta shafi rayuwarta. Ta yi murmushi, irin na uwa in ta ga abin ɗanta a inda ba ta zata ba.

"A'a," ta ce. "Wannan ai hannun Babana ne. Me ya kai shi nan?"

Ta kalli Yaya, ta kalle ni, murmushin na nan bai gama sauka ba. Ni na karɓi tiren daga hannunta kafin ya faɗi.